Labarin Yadda Aka Horar da Ma'aikatan En'e a Ƙasar Gaya da Ajingi

Masu tarihi sun ce Gaya garin maƙera ne tun fil azal, daga nan ne Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dala garin neman tama. Maƙeri kuwa ba ya miƙa wa yaro guduma ran da aka kawo shi. Sai ya daɗe yana zuga yana kallo, kana a bar shi ya taɓa ƙarfe. Wanda duk ya gane wannan ya gane rabin labarin horon ma'aikatan En'e a ƙasar nan.

Kafin zuwan Turawa, mai yi wa sarauta aiki ko dai bara ne ko malami, ba shi da albashi sai abin da ubangidansa ya ba shi. Turawa suka ci Kano cikin 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Ba a jima ba aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa ma'aikata albashi. To, nan fa aka ga giɓi. Haraji ya koma na fam da sule, kowane maigida sai an rubuta sunansa, kowane kwabo sai ya shiga littafi. Malaman da ke akwai kuwa sun ƙware a Larabci da ajami, amma ba su san boko da lissafin Turawa ba.

Domin a toshe wannan giɓi, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa cikin 1909, inda aka koya wa 'ya'yan sarakuna da manyan malamai boko da lissafi da awon ƙasa. Cikin 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malaman makaranta, cikin 1927 kuma aka kafa makarantar da aka sani da Midil ta Kano, wadda En'e ta riƙa ɗibar malaman ofis daga cikinta. Wajen shari'a kuwa, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka kafa makarantar Shahuci, sa'an nan cikin 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a, aka ɗauko mata shaihunai daga Sudan.

Amma duk wannan a birni aka yi. Yaron da aka turo Gaya da takardar makaranta sai ya tarar da sauran karatu a gaba. A zaunar da shi ƙarƙashin malamin hakimi, ya yi ta kwafe sunaye har hannunsa ya faɗa. In lokacin ƙirga ya yi, ya bi rangadi zuwa Kademi da Toranke da Ajingi, ya ga yadda ake gaida dagaci, da yadda ake tambayar mai unguwa ba tare da an kunyata shi ba. Da damina ya bi malamin jangali cikin rugage. In kotu aka kai shi, ya zauna kusa da muhuti, ya koyi rubuta ƙara yadda mai ita ya faɗe ta, babu ragi babu ƙari.

Ba don ƙawa aka matsa wa wannan ba. Malamin da ya rubuta suna sau biyu, ko ya karɓi kuɗi bai ba da rasit ba, shi ya sa talaka ya kai akuyarsa kasuwa don biyan abin da ya riga ya biya. Talakan kuwa bai iya karatu ba, balle ya kare kansa.

Gaskiya ita ce horon bai wadatar ba. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Cikin 1954 aka ɗaukaka makarantar akawu ta Zariya ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki a Kongo, aka riƙa aika ma'aikatan En'e su ƙaro ilmi.

Cikin 1976 aka naɗe tabarmar En'e, yau Gaya da Ajingi kowacce ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Amma abin da magabata suka bari bai tsufa ba. Makaranta ita ke koyar da hannu, amana kuwa sai an zauna kusa da mai ita. Babban da ya ɓoye wa na ƙasa da shi sanin aiki, ran da ya tashi sai maƙera ta mutu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka koyar, ya yi wa na baya jagora, amin.