Tarihin Gano Ciwon Daji da Hanyoyin Maganinsa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, likitoci sun dogara ne da gani da taɓawa wajen gane ciwon daji, wanda ake kira sankara, kuma tiyata, wato yanke ƙarin da ya tsiro, ita ce babbar hanyar magani. A shekarar 1858 Rudolf Virchow na Jamus ya bayyana cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar jiki, fahimtar da ta share fage ga bayofsi, wato gutsuro ɗan nama a duba shi da madubin likita domin bambance ƙari mai yaɗuwa da marar yaɗuwa.

Gano hasken eksire a 1895 da sinadarin radiyam a 1898 ya haifar da gashi, wato ƙone ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi. Kemoterafi kuwa, ma'ana magunguna masu kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, ya samu gindin zama bayan Sidney Farber ya gwada shi a kan yara masu sankarar jini a Boston a 1947. A shekarun 1940 ɗin ne Pierre Denoix na Faransa ya tsara matakan cutar bisa girman ƙari, kamuwar kaluluwa da bazuwa zuwa wasu gaɓoɓi, tsarin da asibitoci ke bi har yau.