Daga Gawayin Ƙirya zuwa Bututun da Ba Ya Tsatsa

Manoman karkarar Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo, sun daɗe suna dogaro da maƙeran baƙi, wato masu ƙera hauya da garma da lauje, waɗanda sana'arsu ta girme wa ganuwar Kano, domin binciken kufai ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala tun ƙarni na 7. Maƙerin wancan zamani bai san sunan kabon ba, sinadarin da gawayi ke ɗura wa ƙarfe idan sun haɗu a wuta, amma ya san aikinsa sarai: yakan zaɓi gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, ya lura da launin ƙarfen da amonsa a kan uwar maƙera, ya ware mai taurin da zai riƙe kaifi daga mai laushin da zai lanƙwashe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfen Turai ya yi araha har sana'ar narka tama ta mutu sannu a hankali, maƙera suka koma neman sifirin mota.

A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfe mara tsatsa a Shefil ta Ingila, wanda sirrinsa kuromiyom ne, sinadarin da ke yi wa ƙarfen rigar kariya idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. A nan lissafin maƙera ya juye, domin kabon ɗin da ke kawo tauri shi ne kuma ke janye kuromiyom a gefen walda, tsatsa ta sami ƙofa. Shi ya sa aka ƙayyade wa bututun ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 kabon da bai wuce kashi 0.08 cikin ɗari ba, aka kuma rage shi zuwa wajen 0.03 a 304L, wanda ya fi dacewa da aikin walda. Shi kuwa 304H, kabon ɗinsa tsakanin 0.04 da 0.10 yake, kuma ƙa'idar ƙasan, wato 0.04, ita ce abin lura, tunda ita ke tabbatar da bututun zai jure zafin da ya haura digiri 500 a matatar mai ko tukunyar tururi ba tare da ya saki ba.

Tazarar kabon da ke tsakanin waɗannan lambobin ta yi ƙanƙantar da ido ko kunne ba sa kama ta, don haka mai walda da ya sayo bututu a kasuwar Ƙofar Ruwa ba shi da madogara sai lambar da kamfani ya buga a jikinsa.