Zubewar Gashi a Lokacin Rage Ƙiba ko Ramewa: Dalilai da Abin da Ya Kamata a Yi

A birnin Damagaram, ma'aikatan lafiya suna yawan shawartar masu ciwon sukari, hawan jini ko ciwon gwiwa da su rage ƙiba. Wasu daga cikin waɗanda suka bi shawarar da gaggawa sukan ga gashinsu yana bin mataji bayan 'yan watanni. Haka kuma a ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamaye da Tanut, matan da ƙarancin abinci ya ramar a tsakiyar damina sukan gamu da wannan matsala. Wanda ya rage cin abinci da gangan da wanda rumbunsa ya ƙare ba dalilinsu ɗaya ba, amma jiki ba ya bambanta su. Wannan shafi zai bayyana muku yadda hakan ke faruwa, da yadda za ku kauce masa, da kuma lokacin da ya wajaba ku nemi likita.

Yadda gashi ke tsiro

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana da saiwarsa a cikin fata, kuma kowace saiwa tana bin zango-zango. Da farko akwai zangon girma, wanda yakan ɗauki shekara 2 zuwa 6, inda silin ke ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a wata. Daga nan saiwar takan shiga zangon hutu na kimanin wata 3, sannan tsohon silin ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. A ko da yaushe, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai yana cikin girma, sauran yana hutu. Shi ya sa mai cikakkiyar lafiya ma yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana.

Ya kamata mata su lura da wannan lissafi. Silin da ya faɗi yakan maƙale a cikin kitso har ranar tsifa. Idan kitso ya yi mako biyu, ana iya tarar da sili 700 zuwa 1,400 a lokaci ɗaya. Ganin dunƙulen gashi ranar tsifa, shi kaɗai, ba alamar cuta ba ne.

Me ya haɗa ramewa da gashi?

Saiwar gashi tana cikin sassan jiki mafiya saurin aiki, saboda haka tana buƙatar kuzari, da furotin, wato sinadarin gina jiki, da sinadarin ƙarfe da zinki. Idan abinci ya ragu kwatsam, jiki yakan fifita zuciya, ƙwaƙwalwa da hanta, ya janye tallafinsa daga gashi, domin rai bai dogara a kansa ba. Sai saiwoyi masu yawa su shiga hutu a lokaci guda, wani lokaci har kashi ɗaya cikin uku. Wani likitan fata na Amurka, Albert Kligman, shi ne ya bayyana wannan nau'i na zubewar gashi a 1961.

Abin da ke rikita mutane shi ne jinkiri. Gashin ba ya faɗuwa a makon da aka fara rage abinci, sai zangon hutu ya cika, wato bayan wata 2 zuwa 4. A 1976 wasu likitoci biyu a Amurka sun ba da rahoton mutum 9 da suka matsa wa kansu da yunwa har suka rage kilo 11 zuwa 25. Dukansu gashinsu ya zube sosai tsakanin wata 2 zuwa 5 da fara shirin, daga baya kuma ya sake fitowa.

A ƙasar Damagaram wannan jinkiri yana da ma'ana ta musamman. Ƙarancin abinci ya fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga kuma aikin gona. Zazzaɓin cizon sauro ma a ƙarshen damina yake yawaita, kuma zazzaɓi mai zafi yana sa saiwoyin gashi su huta. Saboda haka wadda ta rame a Yuli ko Agusta za ta iya ganin zubewar a Oktoba ko Nuwamba, lokacin kaka, ga gero cike da rumbu. Sai a ɗora laifin a kan iskar hunturu, ko ruwan rijiya, ko makitsiya, ko kambun baka. Idan kun ga gashinku yana zuba, ku waiwayi abin da ya same ku wata uku da suka wuce.

Su wane ne suka fi fuskantar haɗari?

Na farko su ne masu rage ƙiba da gaggawa: masu ƙetare abinci sau biyu a rana, ko masu wuni da ruwan zafi da lemun tsami, ko waɗanda suka daina cin nama, wake da nono baki ɗaya.

Na biyu su ne mata masu ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasar Nijar na 2012 ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da ta fara rage abinci a wannan hali, ajiyar sinadarin ƙarfen jikinta za ta ƙara raguwa.

Na uku su ne masu jego. Gashi yakan zube wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa saboda sauyin da ke faruwa a jiki, kuma yakan daidaita da kansa. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci, don haka lokacin goyo ba lokacin matsa wa kai da yunwa ba ne. Mai ciki kuwa kada ta shiga shirin rage ƙiba ko kaɗan.

Na huɗu su ne waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi a ƙasashen waje, ko masu amfani da sababbin allurai na rage ƙiba. Kimanin rabin waɗanda aka yi wa tiyatar sukan yi fama da zubewar gashi a shekarar farko. A gwajin allurar Wegovy, wadda Amurka ta amince da ita a 2021, mutum 3 cikin 100 sun koka da zubewar gashi, alhali a cikin waɗanda ba a ba su maganin ba mutum 1 ne cikin 100.

Dangane da azumin Ramadan, wanda yake cin sahur da buɗa-baki masu gina jiki ba ya cikin irin wannan haɗari. Matsalar takan taso ne ga wanda ya mayar da watan damar rage ƙiba, ya bar sahur, ya taƙaita da kunu da lemon kwalba.

Yadda za ku rage ƙiba ba tare da asarar gashi ba

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Ƙa'idar da masana lafiya suka yarda da ita ita ce rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki a cikin wata shida ya isa ya kyautata sukarin jini da hawan jini. Mai kilo 90, alal misali, idan ya rage kilo 5 zuwa 9 a wata shida, ya yi abin da ake bukata.

Ku rage sukarin shayi, lemon kwalba, soye-soye da yawan mai, ku kuma rage girman malmalar tuwo da yawan shinkafa. Amma kada ku taɓa abincin da ke gina jiki. Babban mutum yana buƙatar aƙalla giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai rage ƙiba kuma ya fi haka buƙata. Ana samun waɗannan abubuwa a Kasuwar Dole da kasuwannin ƙauye:

• Wake: kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya. Ɗan wake, alala da shinkafa da wake duk suna da amfani.
• Gyaɗa da ƙuli-ƙuli: ƙuli-ƙuli ya fi dacewa da mai rage ƙiba, domin an matse mansa.
• Nono, kindirmo da cuku. Fura da nono marar sukari abinci ne mai riƙe ciki.
• Ƙwai, kifi, nama, kilishi da fara. Hanta tana da sinadarin ƙarfe mai yawa, sau ɗaya a mako ya wadatar.
• Ganyaye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa da kuka.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, gero da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, don haka ku haɗa da tumatir, lemun tsami, gwaba ko garin ƙwallon kuka. Shayi kuwa yana hana shi shiga, saboda haka ku jinkirta shan shayi da aƙalla sa'a ɗaya bayan cin abinci. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana ƙara amfaninsa. Ku riƙa tafiya da ƙafa ta minti 30 a mafi yawan ranakun mako, da sassafe ko da yamma. Mai shan maganin ciwon sukari kada ya ƙetare abinci ba tare da shawarar likitansa ba, domin sukarinsa na iya faɗuwa.

Hattara da magungunan kasuwa

Yawancin shayin rage tumbi yana ɗauke da ganye mai sa zawo, dangin filasko. Abin da yake fitarwa ruwa ne, kitsen yana nan. An kuma sha gano wani sinadari mai suna sibutiramin a ɓoye cikin ƙwayoyin rage ƙiba, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Ƙwayoyin da ake tallatawa don gashi ma ba su amfanar wanda ba shi da ƙarancin abin da ke cikinsu, kuma yawan bitamin A ko sinadarin seleniyam shi kansa yana zubar da gashi. Kada ku sha maganin ƙarin jini na dogon lokaci sai an gwada jininku. Man shanu da man kaɗanya suna tausasa gashi su rage karyewa, amma ba su kai wa saiwa abinci. Abincin saiwa ta jini yake zuwa.

A lokacin da gashi ke zuba, ku sassauta kitso, ku guji ƙarin gashi mai nauyi da man miƙar da gashi, ku yi amfani da mataji mai faɗin haƙora.

Gashin zai dawo?

A mafi yawan lokuta yana dawowa, domin saiwar ba ta mutu ba. Zubewar takan tsaya cikin wata 3 zuwa 6 bayan an gyara abinci. Alamar farko ita ce gajerun sababbin silai a gaban goshi. Cikar gashin kamar da kan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, tun da tsironsa a hankali yake. Irin wannan zubewa tana shafar kai baki ɗaya, gashi ya yi shara-shara, amma ba ta barin fili fayau.

Yaushe ya wajaba ku ga likita?

Ku je cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, wadda za ta iya tura ku asibitin gunduma ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, idan:

• kuna ramewa ba tare da kun nufa ba, musamman in akwai tari na fiye da mako biyu, gumin dare, yawan ƙishirwa da fitsari, ko zawo mai daɗewa. Tarin fuka, ciwon sukari, ƙanjamau da cutar maƙoƙo duk suna iya haɗa ramewa da zubewar gashi;
• zubewar ta wuce wata shida;
• akwai jiri, haki, farin ido ko yawan zubar jinin al'ada;
• gashin ya zube a wuri ɗaya kamar zagayen tsaba, ko akwai ƙaiƙayi, ɓawo ko ruwan miki, domin makero da danginsa maganinsu daban ne;
• gashin goshi da na gefen kunne ne kawai ke cinyewa. Wannan aikin kitso mai tsauri ne, kuma idan aka daɗe ana yi, saiwar takan mutu har abada.

Sanƙon gado, wanda ke farawa daga goshi ko tsakiyar kai a hankali cikin shekaru, ba shi da alaƙa da rage abinci.

Gashin yaro: alamar da ba a jira da ita

Ga babba, zubewar gashi damuwa ce. Ga ƙaramin yaro, sauyin gashi na iya zama alamar tamowa mai kisa. Idan gashin yaro ya koma ja-ja, ya yi laushi, ya miƙe, kuma ana iya cire shi ba tare da ya ji zafi ba, ku duba ƙafafunsa. Ku danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna, akwai kumburin tamowa. Wannan ita ce cutar kwashiyoko, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a ƙasar Gana a 1933.

Jihohin Zinder da Maraɗi suna cikin waɗanda yunwar 2005 ta fi shafa, bayan fari da farin ɗango na 2004. Tun daga lokacin aka faɗaɗa cibiyoyin kula da tamowa: CRENAS, inda ake ba uwa abincin magani na gyaɗa ta kai gida, da CRENI, inda ake kwantar da yaron da jikinsa ya yi tsanani. A gundumar Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun fara koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da zaren awo mai launi a 2011, aka kuma tabbatar cewa suna iya yin awon daidai. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa yana nufin 11.5 zuwa 12.5. Idan awo ya nuna ja, ko kun ga kumburi, ku kai shi cibiyar lafiya a ranar. Kada ku jira, kada kuma ku tsaya neman maganin shafawa a kai.

Abubuwan tunawa

• Gashi yana zuba wata 2 zuwa 4 bayan ramewa, zazzaɓi ko haihuwa.
• Kada ku rage fiye da kilo ɗaya a mako.
• Ku rage sukari da mai, ku riƙe wake, nono, ƙwai da ganye.
• Ramewar da ba a nufa ba tana buƙatar gwajin asibiti.
• Jan gashi da kumburin ƙafa ga yaro suna buƙatar kulawar gaggawa.