Yadda Aka Share wa 'Yan Arewa Fagen Shiga Jami'a

Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. To, haka al'amarin ilmin boko ya kasance a Nijeriya. Tun a 1859 masu wa'azin Kirista suka buɗe makarantar sakandare a Ikko. A Arewa kuwa, ko da yake karatun Alkur'ani da na littattafai ya daɗe da kafuwa, sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Kwalejin Katsina ma sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Saboda haka da aka kafa Kwalejin Jami'a a Badun a 1948, 'yan Arewa da suka sami shiga ba su taka kara sun karya ba.

Wannan abu ya dami Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, domin ya san ƙasar da ba ta da likitoci da injiniyoyi da malamai nata na kanta, kullum a hannun wasu za ta zauna. Aka yi ta shiri, har ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'a a Zariya, aka sa mata sunansa. Amma fa gina ɗakunan karatu bai raba gardama ba. Ɗalibai 426 aka fara da su, a cikinsu 147 kaɗai ne 'yan Arewa.

Ga abin da ya kawo haka. A wancan zamanin, yaro in ya gama shekara biyar a sakandare, sai ya ƙara biyu a wani babban aji, ya ci jarrabawarsa, sa'an nan jami'a ta karɓe shi. Makarantun Arewa masu wannan aji kuwa kaɗan ne ƙwarai, malaman kimiyya da na lissafi kuma sun yi wuya. Sau da yawa sai a ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya gama sakandare, ya rasa inda zai ci gaba, ya koma aikin akawu ko malanta.

A 1966 aka naɗa Dokta Ishaya Audu, mutumin Anchau, likitan yara, shugaban jami'ar. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan matsayi. A zamaninsa ne aka kafa Makarantar Share Fage a cikin jami'ar kanta. Sai a ɗebo yara daga sakandare, a duba inda kowa ya fi ƙarfi, a sa shi kan fannonin da za su kai shi ga digirin da yake nema. Suna zaune a Samaru, suna shiga ɗakin littattafai, suna sabawa da zaman jami'a tun kafin su shige ta sosai. Wanda ya ci jarrabawa sai ya wuce.

Da farko wasu sun ƙi abin, suna tsoron kada darajar digiri ta faɗi. Amma da ɗaliban suka shiga jami'a suka yi karatu kafaɗa da kafaɗa da sauran, sai bakin masu suka ya mutu, yawan 'yan Arewa kuma ya yi ta hauhawa.

Jihohi suka ga amfanin abin, suka kafa kwalejojinsu na share fage. Ta Maiduguri ma ita ce ta zama jami'a a 1975. A 1976 jami'ar Zariya ta shirya jarrabawa guda, watau IJMB, don irin waɗannan kwalejoji su riƙa auna ɗalibansu da mudu ɗaya. Bayan an kafa hukumar JAMB a 1978, Gwamnatin Tarayya ta ware wani kaso na gurabe a jami'o'inta don jihohin da aka bari baya a ilmi. Daga baya kuma jami'ar ta buɗe wata makarantar share fage a Funtuwa.

Amma a lura, share fage yana taimakon yaron da ya riga ya kai ƙarshen sakandare ne kawai. Wanda ba a sa shi firamare ba, ko yarinyar da aka cire daga aji uku, babu dabarar jami'a da za ta riske su. Wannan kuwa yana hannun iyaye. Allah ya sa a gane, amin.