Gizago, Azara da Ƙusa: Yadda Bahaushe Ya Haɗa Itace

Wata la'asar wani matashin kafinta a unguwarmu ta Zogbeli, nan Tamale, ya tare ni da waya a hannu. Hoton bidiyo ne na wani dattijo ɗan Japan yana haɗa katako biyu: ya fafe wannan, ya fiƙe wancan, ya zura su suka kama juna tsam, babu ƙusa babu gam. Ya dube ni ya ce, "Baba, mu dai ba mu gaji irin wannan ba ko?" Na ce ya jawo benci, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Asalin mai aikin itace a ƙasar Hausa shi ne masassaƙi, kuma shi ba ya haɗawa, ragewa yake yi. Gungume ɗaya yake samu, ya bi shi da gatari da gizago har abin da yake nema ya fito. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar tsugunno, ƙotar fartanya, gangar jikin kalangu, duk daga itace guda suke fita, shi ya sa ba su da mahaɗin da zai saki. Iliminsa yana wurin zaɓe. Ya san kirya ce ke jure daka, ɗanya ta fi daɗin fafewa a yi akushi, aduwa kuwa ita ake nema idan za a yi wa almajiri allo. Yaro yakan shekara yana ɗauko itace da wasa gizago kafin a yarda ya taɓa aikin da za a kai kasuwa.

Haɗa itace kuwa, sai a neme shi wurin magina. Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Ƙasarmu ba ta da dogayen itatuwan katako irin na kurmi, ga kuma gara. Abin da ke akwai shi ne giginya, wadda ake tsaga gangar jikinta a fitar da azara, itacen da gara ba ta cika yi masa ɓarna ba. Matsalar azara ɗaya ce: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya haye tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. To yaya za a rufe zauren sarki?

Dabarar da magina suka fito da ita ita ce su dasa azara cikin bango tun ana gini, ta ɗan leƙo ciki. Sai a ɗaure wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa, a bi da ƙasa. Haka za a yi ta yi daga bangon nan da wancan, hawa bayan hawa, ana jira kowane ya bushe, har ƙafafun biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. Igiya ta riƙe azara, ƙasa ta rufe igiya, nauyin rufin kansa ya danne komai wuri ɗaya. Babu ƙarfe ko ɗaya a ciki.

Wanda ya kai wannan aiki ƙololuwa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Mu ma nan arewacin Gana, duk wanda ya je Larabanga ya ga itatuwan da suka leƙo daga jikin tsohon masallacin, waɗanda ake takawa idan za a yi yaɓe. Salon ginin daban ne, amma can ma itace da ƙasa ne ke riƙe juna.

Kafinta baƙo ne, sunansa ma aro ne daga Turanci. Makarantar da Hans Bisha, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawar Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, kuma har da kafintanci a ciki. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, katakon kurmi da kwanon rufi da ƙusa suka samu hanya. Ba na zargin kowa. Rufin ƙasa yana son gyara kowace shekara kafin damina, kwano kuwa ka buga ka huta. Amma tun daga nan aikin mai ɗaurin guga ya fara ja da baya, kuma yaron da ba ya ganin ana yi ba zai iya ba.

A nan ne labarin Japan ya bambanta da namu, ba a kaifin basira ba. A garin Ise akwai wurin bautarsu da suke sake ginawa sabo fil duk bayan shekara 20, al'adar da ta faro tun wajen shekarar 690. Yaƙe-yaƙe sun taɓa tsayar da ita fiye da shekara 100, aka dawo aka ci gaba, kuma na 2013 shi ne karo na 62. Ma'ana, wanda ya yi aikin yana yaro zai sake yinsa yana gwani, wataƙila ya ga na uku yana mai ba da umarni. Haikalin Horyuji da ke Nara kuwa, mai gine-ginen katako da suka haura shekara 1,300, kwance shi ake yi gaɓa-gaɓa, a canja abin da ya ruɓe, a mayar. Babban kafintansa Nishiyoka, wanda ya rasu a 1995, a irin wannan kwancewa ya karanci hannun mutanen farko, har ya dawo da wani tsohon makami na goge katako mai kama da mashi, wanda aka daɗe da yin watsi da shi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa waɗannan sana'o'i cikin gadon duniya. Sana'ar aka rubuta, ba ginin kaɗai ba.

Mu kuwa a shekarun 1970 aka sabunta Masallacin Zariya da ginin zamani, wani sashe na tsohon ya tafi, abin da ya rage ya koma cikin sabon. Kwafinsa yana Jos, a gidan adana gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dumokoski, ya jagoranci kafawa, kuma maginan gargajiya ne suka ɗaura azarar da hannunsu. Ke nan har lokacin akwai masu iyawa.

Yanzu itacen ma yana neman gagara. Madobiyar dajin arewacin Gana an yi ta lodinta a manyan motoci zuwa tashar Tema, a wuce da ita Sin, duk da hanin da gwamnati ta sha yi, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya. Giginya kuma tana shekaru da yawa kafin ta isa tsagawa.

Da na kai nan, yaron ya mayar da wayarsa aljihu, ya tambaye ni kuɗin mota daga Tamale zuwa Zariya, da kuma ko Sarkin Magina yana karɓar almajiri daga wata ƙasa.