Yaron da Bakinsa ke Kasa Furta Magana: Yadda Za Ku Taimake Shi

A garuruwa da ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, akwai yaran da suka kai shekara uku ko huɗu ba su fara magana ba, ko kuma suna yi amma ba mai ganewa sai mahaifiyarsu. Akan kira irin wannan yaro bebe, a ƙyale shi a gefe. Alhali da yawa daga cikinsu suna ji sarai, suna kuma fahimtar abin da aka ce. Idan kun ambaci moɗa, yaron zai dube ta. Ya san abin da yake so ya faɗa, bakinsa ne ke kasa fitar da shi. Wannan bayani domin ku ne, iyaye da kakanni da malamai masu kula da irin wannan yaro.

Yaya magana take fita?

Kafin mutum ya ce "ruwa", sai numfashi ya taso daga ƙirji, maƙogwaro ya ba da murya, harshe da leɓɓa da muƙamuƙi su motsa, kowane a kan lokacinsa. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan aiki, ta aika umurni ta jijiyoyi. Idan hanyar umurnin ta samu tangarɗa, magana za ta yi wuya ko da hankalin yaro lafiya lau yake.

Matsalar iri biyu ce

Iri na farko, naman baki da harshe ba su da ƙarfi, ko sun sandare, ko suna motsi ba da son yaro ba. Maganarsa takan fito a hankali, a dagule, wani lokaci ta hanci. Sau da yawa miyau na zuba, tauna da haɗiya na yi masa wuya. An fi ganin wannan ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko suna jarirai, waɗanda kuma sukan makara wajen zama da tafiya. A duniya, wannan raunin yana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa.

Iri na biyu, naman baki na da ƙarfinsa. Yaro na tauna da kyau, yana gudu da wasa, sai dai ƙwaƙwalwarsa na kasa jera motsin magana daki-daki. Za ku ga yana lalube da baki. Kalma guda, yau ya faɗe ta daidai, gobe ta fito daban. Doguwar kalma ta fi ba shi wahala. Wannan iri ya sha bamban da in'ina, kuma galibi ba a gane abin da ya kawo shi.

Me ke raunana ƙwaƙwalwar yaro?

- Doguwar naƙuda, har jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba.
- Haihuwar bakwaini.
- Ciwon shawara mai tsanani a makon farko, idanu da jiki su yi rawaya.
- Sanƙarau, wanda ya fi yawa lokacin hunturu da bazara.
- Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da suma da jijjiga.

Rigakafi ya fi magani. Ku je awon ciki, ku haihu a asibiti. An fara allurar rigakafin sanƙarau nau'in A a Nijar a shekarar 2010, amma akwai wasu nau'o'in cutar, saboda haka zazzaɓi da sandarewar wuya abin gaggawa ne. A shekarar 2013 kuma aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, wata-wata, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Kada ku bari na yaronku ya wuce.

Yaushe za ku nemi taimako?

Ku kai yaro a duba shi idan ya cika shekara 1 ba ya gwalantu irin "ba-ba" da "ma-ma", ko ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko guda, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu kamar "ba ni". Ku nemi a gwada jinsa tukuna, domin taimakon kurma daban yake da na wannan yaro. Kada ku jira a kan cewa kakansa ma ya makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwan da ba su magani

Yanke linzamin harshe ko cire beli wajen wanzami ba ya kawo magana, tun da matsalar daga ƙwaƙwalwa take. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, yaro kuma ya ƙi cin abinci. Babu ƙwaya ko allurar da ke buɗe baki. Duka da tsawa suna sa yaro ya daina ƙoƙari. Larurar ba laifin uwa ba ce, kuma ba ta yaɗuwa zuwa sauran yara.

Yadda za ku koya masa a gida

Magana aikin motsi ne, kamar saƙar tabarma ko daka. Da yawan yi ake iya ta. Ga hanyar da masana gyaran magana suke bi, wadda ku ma za ku iya:

1. Ku zaunar da yaro da kyau, bayansa a jingine, kansa a miƙe. Yaron da jikinsa ke karkacewa ba zai samu numfashin magana ba.
2. Ku zauna gaba da gaba, wurin da ke da haske, ba rediyo, domin ya ga bakinku.
3. Ku zaɓi kalmomi biyar kawai masu amfani gare shi. Ku fara da masu sauƙi: inna, baba, nono, a'a, ba ni. Sautuka irin su r da ts da ƙ sai daga baya.
4. Ku faɗi kalmar tare da shi, a hankali, kuna ɗan jan ta. Idan ya kasa, ku taɓa leɓɓansa da yatsa mai tsabta ku nuna masa inda za su haɗu.
5. Idan ya iya tare da ku, ku rage muryarku, ku bar motsin baki kaɗai. Bayan haka ku faɗa, ya maimaita. Daga ƙarshe ku tambaye shi, ya amsa da kansa.
6. Ku maimaita kowace kalma sau da yawa. Minti 5 zuwa 10, sau uku a yini, ya fi awa guda sau ɗaya a mako.
7. Ku yaba masa ko da bai faɗa daidai ba. Idan ya gaji, ku tsaya.

Hura iska da fito da harshe kaɗai ba su koyar da magana. Kalma ake koya da faɗin kalma. Ku saka kalmomin cikin aikin yini: wajen wanka, wajen shan fura, wajen ba akuya dusa. Yayyensa ma su shiga, domin yaro ya fi son koyi da yara. Kuma idan kun yi masa tambaya, ku ƙirga zuwa goma a zuci kafin ku amsa a madadinsa.

Hannu da hoto ma magana ne

Wani yaron zai yi magana sosai. Wani kuma, musamman mai rauni mai tsanani, kalmomi kaɗan zai iya har girmansa. Kada ku bar shi ba hanyar faɗin bukatarsa. Ku amince a kan alamar "i" da ta "a'a", ko da ta ido ce. Ku samu kwali ko allo ku zana moɗa, kwano, tabarma, bayan gida, da fuskar mai jin ciwo. Ya nuna da yatsa, ko ya duba da ido, ku kuma ku faɗi sunan abin. Masana sun tabbatar cewa alamu da hotuna ba su hana magana zuwa. Suna rage kuka da fushi, domin an fara gane shi.

Ci da sha

Yaron da haɗiya ke yi wa wuya yana cikin haɗarin tamowa da ciwon huhu. Kada ku ba shi abinci yana kwance, kada ku yi masa ɗure. Ku zaunar da shi, haɓarsa ta ɗan sunkuya, ku ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga yawancinsu. Idan yana yawan ƙwarewa ko tari wajen ci, ko yana ramewa, ku kai shi asibiti.

Ina za ku je?

Ku fara da cibiyar lafiya mafi kusa, ko kuna Urafan ko Maijirgi, ko Kanambakashe ko Sarkin Hausa. Daga can za a tura ku asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi, in da bukata kuma zuwa Maraɗi. Ku riƙe katin lafiyar yaro. Ku faɗi yadda haihuwarsa ta kasance, da ko yana farfaɗiya, domin ita tana da magani. Masanin gyaran magana, da Faransanci ortofonis ake ce masa. Masu wannan aiki kaɗan ne a Nijar, an fi samun su a Yamai. Idan kun samu ganin ɗaya, ku roƙi ya nuna maku aikin da za ku ci gaba da yi a gida.

Haƙƙinsa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008. Yaronku na da haƙƙin zuwa makaranta kamar kowa. Ku gana da malaminsa, ku nuna masa allon hotunan. Ku riƙa fita da yaron wajen suna da biki da kasuwa, ku kira shi da sunansa, ku hana a yi masa ba'a.

Aikin na bukatar watanni, wani lokaci shekaru. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun san yadda harafi guda ke zama kalma. Ku rubuta kalmomin yaron biyar a takarda yau, ku ƙara sabuwa duk lokacin da ya iya ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.