Ƙoƙon Ubangiji a Bakin Tekun Gabon

A cikin shekara ta 1842 waɗansu masu bishara daga Amurka, da John Leighton Wilson a kan gaba, suka sauka a bakin kogin Gabon cikin ƙasar mutanen Mpongwe, suka kafa mishan a wurin da ake kira Baraka. Bayan shekara biyu, a watan Satumba na 1844, Fada Jean-Rémi Bessieux na ɗarikar Katolika ya iso, ya kafa mishan na Sainte-Marie. A lokacin ba a san wani gari Libreville ba. Sai a 1849 Faransawa suka zaunar da bayin da suka ƙwato daga jirgin Elizia a wurin, suka ba shi wannan suna, wato garin 'yanci.

Bessieux mutumin Vélieux ne, wani ƙauye a tuddan kudancin Faransa, yankin da gonakin inabi suka yawaita. Manoman irin waɗannan wurare sun san kurangar inabi tana son rana mai zafi da dare mai sanyi. Sanyin daren kan tudu shi ke hana 'ya'yan nuna da gaggawa, ya bar musu ɗan tsaminsu, shi ya sa farin ruwan inabi na duwatsu yake fita garau, ba nauyi a baki. Gabon ba ta da wannan. Libreville tana dab da tsakiyar duniya, ruwan samanta yana kusan milimita 3,000 a shekara, kuma ba hunturun da kuranga za ta huta a cikinsa.

Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce ga Fada. Dokar Katolika ba ta yarda a yi hadaya a bagade da wani abu ba sai ruwan inabi na ainihi. Ga bammi ko'ina, amma ba ya maye gurbinsa. Dole a jira jirgin ruwa daga Turai, a kuma yi tattalin abin da ya kawo kada zafi ya tsamama shi. Da yawa sun fi son farin, domin ba ya ɓata ƙyallen bagade.

Abin baƙin ciki, ta wannan hanyar teku ce 'yan kasuwa suke shigo da barasa mai ƙarfi suna musanya ta da hauren giwa da katako. Masu bisharar Baraka sun yi ta kuka a kan ɓarnar da take yi wa jama'a, tun kafin ƙasashen Turai su ƙulla yarjejeniyar Burasels a 1890 don taƙaita cinikinta. A Amurka kuwa, a 1869 Thomas Welch ya gano yadda za a ɗumama ruwan inabi ya daɗe bai zama giya ba, ikkilisiyoyi da yawa suka koma gare shi don Jibin Ubangiji.

Bessieux ya rasu a Libreville a 1876. Daga baya 'yan ƙungiyarsa ta Ruhu Mai Tsarki suka dasa inabi a tuddan tsakiyar Tanzaniya a 1938, ya kuwa yi. Amma ikkilisiyar Gabon ba ta jira gonar inabi ba. Da ɗan abin da jirgi ya kawo aka cika ƙoƙo, 'yantattun bayi da Mpongwe suka taru gaban tebur ɗaya.